Wa Ya Aiki Ido?

A shataletalen Hotoro, in motoci suka cunkushe, idonmu kan sauka kan tankar mai, ya koma kan ɗan KAROTA, ya tsallake almajirin da ke jingine da gilashinmu. Sai mu ce ba mu gan shi ba. Anya kuwa?

Ido kan yi tsalle kamar sau 3 a daƙiƙa. A littafinsa na 1965, Alfred Yarbus na Rasha ya nuna cewa tambayar da aka yi wa mai kallo ita ke jan idonsa. A 2005 Najemnik da Geisler suka sa kwamfuta ta kwaikwayi wannan lalube, tana leƙa inda ta fi sa ran samun bayani. Amma fa su suka gaya mata abin nema.

Mu kuwa, wa ya cire yaron nan daga abin nemanmu?