Ranar da Aka Kai Son Ƙwallo Gaban Alƙali

A bakin layinmu akwai gidan kallo. Rumfar kwano ce da bencina, da janareta a baya, da baƙin allo a ƙofa inda ake rubuta wasannin ranar da alli. Duk Asabar, wani tela da wani mai gyaran waya sukan zauna a benci ɗaya. Telan ɗan Arsenal ne, mai gyaran wayar ɗan Manchester United. Daga busa usur zuwa tashi ba mai raga wa wani. "Mun lallasa ku!" "Ku da kuka shekara nawa ba kofi?" Baƙo zai ɗauka yanzu za a ba hammata iska. Ana tashi kuwa sai su nufi teburin mai shayi, wanda aka ci ya biya.

Su biyun na tuna da na ji labarin wata shari'a da aka yi a Sikotland a 2022. Wani mutum ya kai ƙara kotun ma'aikata, yana cewa an daina ba shi aiki ne don shi magoyin bayan Rangers ne, wanda ke rabon aikin kuma, a cewarsa, ɗan Celtic ne, abokiyar hamayyar Rangers. A Birtaniya akwai Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa ko wata aƙidar da ya riƙe. Mutumin ya nemi a saka son Rangers a wannan sahu. Ya shaida wa kotu cewa shekara 42 ke nan yana bin kulob ɗin, kuma zuwa filin wasa a wurinsa tamkar zuwan mai ibada coci ne.

Kada mai karatu ya ce ai wannan ƙara ta ɗan wasa ce. Kotunan can suna da ma'auni biyar da suke ɗora duk wata aƙida a kai: a riƙe ta da gaske, ta wuce ra'ayi na yau da gobe, ta shafi babban al'amari a rayuwar ɗan Adam, ta kasance da tsari da nauyi, kuma ta cancanci girmamawa a cikin jama'a. Da wannan ma'auni ne a 2020 wata kotu a Ingila ta ba da kariya ga aƙidar masu ƙaurace wa nama da duk abin da ya fito daga dabba. Ashe mai ƙarar bai rasa abin kamawa ba. Kotun Sikotland ɗin ta yarda cewa son nasa na gaske ne, amma ta ce goyon bayan kulob zaɓin salon rayuwa ne, bai kai matsayin aƙida ba. Dubban da ke cika filin wasa kowa da dalilinsa na zuwa, abin da ya haɗa su kawai shi ne fatan ƙungiyarsu ta ci.

A Ajantina ba su ma jira alƙali ba. Ranar 30 ga Oktoban 1998, wasu masoya Diego Maradona suka kafa abin da suka kira Cocin Maradona a birnin Rosario. Suna lissafin shekaru daga 1960, shekarar haihuwarsa. Suna da dokoki goma, ciki har da raɗa wa ɗa suna Diego. Ranar 22 ga Yuni ranar biki ce a wurinsu, don a ranar ce a 1986 ya zura wa Ingila ƙwallo biyu a Meziko, ɗaya da hannu, ɗaya bayan ya yanke 'yan wasa tun daga tsakiyar fili. Rabin abin raha ne, da yawansu ma ba su bar Katolika ba. Ranar 25 ga Nuwamban 2020 mutuwa ta zo wa Maradona kamar yadda take zuwa wa kowa.

Abin lura a nan, da mai ƙarar nan ya yi nasara, da shi da ire-irensa ne za su fara yin asara. Daɗin ƙwallo yana cikin tsokana. Mu Hausawa mun san wannan tun kafin a kawo talabijin. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, taubashi da taubashiya: kowa yana da wanda al'ada ta ba shi damar ya zolaya, ya faɗa masa maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga mai unguwa, kuma a rabu ana dariya. Wasan ne igiyar zumuncin. Abin da telan nan da abokinsa suke yi ke nan, taubasantaka ce da ta sa riga mai lamba a baya. Addini kuwa ba a wasa da shi. Ranar da aka ce kulob aƙida ce, dariyar da ka yi wa maƙwabcinka don an ci su uku da nema ta zama ɓatanci, mai shayi kuma ya rasa ciniki.

Birnin Glasgow, gidan Rangers da Celtic, ya ɗanɗana wannan. An kafa Celtic a 1887 don tara kuɗin ciyar da talakawan Katolika 'yan asalin Ireland, Rangers kuma ta zama ta Furotesta. Shekaru da dama Rangers ba ta ɗaukar ɗan wasan da aka san ɗan Katolika ne. Da ta sayi Mo Johnston, ɗan Katolika, a 1989, wasu magoya bayanta har ƙona gyalen kulob suka yi don fushi. Inda ƙwallo ta cakuɗe da addini, ba ta ƙara wa addinin komai ba, ta dai rasa raharta.

Sannan a duba abin da kowanne yake nema a wurin mutum. Addini yana ce maka ka bari: kada ka ci amana, kada ka tauye mudu, ka duba mara lafiya, ka yafe. Kulob bai taɓa hana kowa komai ba. Kuɗin shiga yake so, da kuɗin riga, da barcin darenka. Ɗan wasan da ka yi faɗa dominsa bana, baɗi yana sanye da rigar abokan hamayya saboda an ƙara masa albashi, bai kuma san sunan garinku ba. Son maso wani, in ji Hausawa, ƙoshin wahala.

Ba cewa nake a rufe gidan kallo ba. A kalla, a yi ihu, a tsokani juna, in an kira salla a tashi, wasan ba zai gudu ba. A dai san inda "mu" ɗin nan take da gaske. Watannin baya mahaifin telan ya rasu. Ba a aiko kowa daga kulob ɗinsa na Landan ba. Wanda ya kama makara tare da shi, ya kuma yi kwana uku a kan tabarmar gaisuwa yana raba wa mutane ruwa, mai gyaran wayar nan ne. Sai da aka yi sadakar bakwai sannan ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Malam, Allah Ya jiƙan Baba. Amma fa Asabar ina jiranka a benci."