Teɓa: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Idan likita ya gargaɗi mai teɓa cewa ciwon suga na tafe, amsar da ya saba ji ita ce, "Haka Allah Ya halicce ni." A gefe kuma ga masu yi masa gorin zarin ci. Kowane ɓangare ya riƙe guntuwar gaskiya ya ƙi saki.

'Yan ƙabilar Pima tsatsonsu ɗaya, amma wasu suna Arizona a Amurka, wasu a tsaunukan Sonora a Meziko. Binciken da aka wallafa a 2006 ya sami ciwon suga a jikin kashi 38 cikin ɗari na manyan 'yan Pima na Arizona. 'Yan'uwansu na Sonora masu noma da hannu kuwa kusan kashi 7 ne.

Me kitse yake yi har haka? A da an ɗauke shi rumbu kawai. A 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka gano a Boston cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da sinadarin kumburi, TNF-alfa. A 2003 aka ga ƙwayoyin garkuwar jiki suna yin dafifi cikin kitsen. Kumburi ne na ɓoye, ba zafi ba ja, amma yana sa tsoka da hanta su yi kunnen uwar shegu da insulin. Jiki ya yi ta ƙaro insulin har ya gaji, suga ya taru a jini. Kitsen ciki ya fi ɓarna, shi ɗin da ake yi wa kirari da alamar hutu.

Malaman tauhidi sun daɗe da cewa imani da ƙaddara bai soke riƙon sababi ba. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma lissafa juyawar cikin ƙaddarar Allah. Sai dai gori ma bai da mazauni: a 1997 likitoci a Kambrij sun ga yaran da aka haifa jikinsu ba ya samar da isasshen sinadarin leptin, yunwarsu ba ta yankewa. Wa zai tuhume su?

Abin da ke hannun bawa ba kaɗan ba ne. A gwajin Amurka na 2002, masu haɗarin ciwon suga da aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, su rage kashi 7 na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari.