Sa'a Tana Zuwa, Amma Wa Ke Gane Ta?

Ƴan'uwa ɗalibai, a nan Garhanga da wuya ka zauna fada ba ka ji an ce "wane sa'a gare shi" ba. Mun tashi muna jin rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Gaskiya ne. To amma idan rabon ya faɗo gabanka kai kuma ba ka san kamarsa ba fa?

A 1983, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a daji a jihar Maraɗi don ya rage wa tayar motarsa iska. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya dubi ganyen sai ya gane ashe itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Daga nan sassaben zamani ya samo tushe. Mutum nawa suka wuce tsiron nan kafin shi?

Haka Yakuba Sawadogo na Burkina, ɗan kasuwa da ya koma gona. Ya zuba taki cikin ramun tassa don hatsi, sai ga itatuwa sun tsiro daga ƙwayoyin da dabbobi suka ci. Wani da tuge su zai yi, ya ce ciyawa ce. Shi ko ya san kiwo, ya san itatuwan magani, ya san gara na huda fako ruwa ya shiga. Sai ya bar su, har suka zama daji.

Mu kuma fa? Ɗan siri D na raina mai karatun adabi, ɗan boko na raina almajiri, dukanmu muna raina tsohuwar da ta san sunan kowane haki a kan dutsen Adar. Abin da ba zai fito a jarrabawa ba, ba ruwanmu da shi.

Wani zai ce mai taɓa komi ba ya ƙwarewa a komi. Ban musa ba, ka riƙe fanninka da kyau. Amma ka bar taga a buɗe. In an yi hutu, zauna wajen maƙeri, bi makiyayi, tambayi iyayenmu mata da suka jera duwatsu a aikin furojen Keita yadda ruwa ke gudu a kan tudu.

Rabo na Allah ne, ba mu da iko da ranar zuwansa. Abin da za a tambaye mu shi ne: da ya zo, mun gane shi ko mun taka shi mun wuce?