Allon Nura da Billen Marigayi

A Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, dab da iyakar Jigawa da Bauchi, akwai wani saurayi mai shagon hoto ana ce da shi Nura. Shagon ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa. A ciki akwai shuɗin labule na ɗaukar fasfo, da benci, da firinta, da kwamfutar cinya 'yar gwanjo, sai farantin sola guda a kan kwano mai cika masa batir. A nan yake ci, a nan yake sha. Yau fasfo na masu cike fom, gobe hoton amarya, jibi kalandar saukar karatu ta Islamiyya. In kakar zaɓe ta kama kuwa, fastar masu neman kansila har barci take hana shi.

Abin da ya tsone masa ido shi ne linzamin kwamfuta. In zai cire mutum daga bango ya dasa shi gaban wani lambu ko gidan bene, sai gefen gyale ya fito gatsa-gatsa, gemu ya dunƙule wuri guda. Kafin la'asar wuyan hannunsa ya ɗau zafi. Ya sha gani a YouTube masu gyaran hoto na aiki da allo da alƙalami, wasu ma allon nasu mai fuska ne, hoton na ƙarƙashin tsinin alƙalamin suna gyara shi kai tsaye. Mai fuskar nan ne ya kwanta masa a rai. Ya shiga adashi, ya sayar da riɗin da ya noma, kuɗi suka haɗu.

Yana da kawu, Malam Ado, wan mahaifiyarsa. Shi ma tsohon mai hoto ne, a Sabon Garin Kano ya koyi sana'ar cikin shekarun 1980, zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a wanke hoto da ruwan magani. Da ido ya yi rauni sai ya dawo gida ya rungumi noma. Ko kunna kwamfuta bai iya ba.

"Kawu, gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kano in sayo allon nan."

"To, tare za mu. Ina da saƙo a Kantin Kwari. Kuma ka ɗauko kwamfutar taka."

"Kawu, sayayya fa za mu, ba aiki ba."

"Ka ɗauko dai."

Nura ya san babu wani saƙo a Kwari, amma wa ya isa ya faɗa? Da asuba suka shiga mota, suka bi ta Gwaram da Birnin Kudu, suka haye gadar Wudil, hantsi bai gama daɗewa ba suna titin Beirut.

Mai shagon da suka shiga ya san kayansa, kuma ya san yadda ake karanta idon mai saye. Ya jera musu kwalaye a kan kanta. "Wannan Wacom ne, na Japan, tun 1983 suke wannan harka, su ne manya. Waɗannan biyun, Huion da XP-Pen, 'yan China ne, sun fi sauƙin kuɗi, kuma suna aiki." Da ya lura inda idon Nura ya tsaya, sai ya sauko da mai fuskar, inci 13, ya zare masa leda a hankali. "Abokina, wannan ne ajinka. Matakin dannawa 8192."

"Dubu takwas na me?" in ji Malam Ado.

"Baba, alƙalamin yana jin nauyin hannu. Ka taɓa kaɗan, layi ya fito siriri. Ka danna, ya yi kauri. Daga taɓawa zuwa dannawa an raba shi hawa 8192. Ƙaramin Wacom Intuos ɗin can 4096 ne, akwai ma mai 2048."

Tsohon ya juya ga ɗan ƙanwarsa. "Kai Nura, hannun naka hawa nawa ne?"

Yaran shago suka yi dariya, amma tambayar ta faɗa inda ya dace. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a bayan kwali ba ita hannu ke ji ba. Da wuya ka sami mai gyaran hoto da za a rufe masa kwali ya faɗa maka wanne ne mai 4096, wanne ne mai 8192. Abin da hannu ke ji shi ne farkon taɓawa: shin alƙalamin yana amsawa da an shafi allon, ko sai an ɗan matsa? Mai share tabo a kumatun amarya a wannan shafar yake wuni.

"A haɗa shi da kwamfutar yaron mu gani," in ji Malam Ado.

Nan aka fara kallon juna. Allo mai fuska talabijin ne a kansa, sai an jona shi da wayar da ke ɗauko hoto, ta HDMI, ban da ta USB. Kwamfutar Nura kuwa tsohuwar kafa gare ta, shuɗiyar nan mai huji 15. Mai shago ya ce ba matsala, akwai ɗan akwatin da ke juya wannan zuwa wancan, sai dai kuɗinsa daban. Aka nemo, aka jona, fuska ta kawo. Batirin kwamfuta ya fara zurarewa ana kallo. Nura ya buɗe hoton wata amarya mai jan leshi. A kwamfutarsa jan ya yi duhu, a sabon allon ya fi haske, shi kuma ya san firintarsa wani jan daban take fitarwa. Maimakon launi biyu da yake fama da su, ga na uku ya shigo. Kuɗin kuma zai cinye adashi da riɗi, har ya nemi ciko.

"Sola ɗaya gare ka," Malam Ado ya ce da shi ƙasa-ƙasa, don kada ya kunyata shi gaban mutane. "Garma za ka saya, ba ka da shanu."

Nura ya haɗe rai. Ya ce to, in ma marar fuska ne, a ba shi babban, mai inci 10 da 6, kada a ce ya zo Kano ya koma da abin wasan yara. Kawu bai musa ba. Cewa ya yi a jona babban, a jona ƙaramin mai inci 6 da 4, Nura ya cire ƙuraje uku daga goshin wani ango da kowanne.

Allon zane ba irin linzami yake tafiya ba. Linzami kana iya ɗaga shi ka sake ajiyewa, kibiya na nan inda ka bar ta. Allo kuwa kowane lungunsa yana da takwaransa a fuskar kwamfuta: ka sa tsini a kusurwar sama ta dama, kibiya ta dira a kusurwar sama ta dama. Saboda haka girman allo shi ne nisan tafiyar hannu. A babban, duk lokacin da Nura zai ɗauko wani makami a gefen hagu na Photoshop ya dawo goshin ango, sai ya motsa tun daga gwiwar hannu. A ƙaramin, 'yan yatsu da wuyan hannu sun wadatar. Mai zanen zaki ko doki, wanda ke jan dogon layi daga kafaɗa, shi ke buƙatar fili. Mai gyaran hoto aikinsa ɗigo-ɗigo ne, ga kuma kwamfutar inci 14 kacal, ga teburin shago da firinta ta cinye rabinsa.

"Mu a zamaninmu," in ji Malam Ado, "fim ɗin da muke gyarawa bai kai tafin hannuna ba. Za ka fere fensir ya yi tsini, ka ɗora fim a kan gilashi da fitila a ƙasa. Duk inda ka ɗiga baƙi, fari zai fito a takarda. Numfashi ma sai ka riƙe." Sai ya ɗauki alƙalamin ya juya shi. "Wannan me yake ci?"

Mai shago, wanda yanzu ya gane da wa yake ciniki, ya gyara tsayuwa. Ya ce ba ya cin komai. Allon ne ke fitar da maganaɗisu, wata 'yar nannaɗaɗɗiyar waya a cikin alƙalamin ta karɓa ta mayar, da haka allon ke sanin inda tsini yake da nauyin da aka ɗora masa. Ya ce akwai tsofaffin samfuri masu batir a cikin alƙalami, waɗannan a kauce musu.

"Bakin fa? Ba abin da ake gogawa kullum bai cinye ba."

Aka buɗe kwali, ga 'yan tsinayen roba na canji da zoben cire su. Malam Ado ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ƙara wani ƙunshin, don ya san ƙurar hunturu in ta kwanta a kan allo za ta riƙa cin bakin. Mai shago da kansa ya ƙara da cewa a sauke manhajar allon a kwamfutar tun a nan, domin in babu ita alƙalamin zai yi tafiya amma Photoshop ba zai ji nauyin hannu ba. Aka sauke, aka gwada, layi ya yi siriri ya yi kauri, sannan aka biya kuɗin ƙaramin allon. Da canjin da ya rage aka ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, aka sayi sikana ta hannu mai lafiya. A mota Nura bai ce uffan ba har Wudil. Kawu ya saya masa rake ta taga, ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Makon farko allon ya ba shi haushi. Hannu na ƙasa, ido na sama, kibiya na tsalle inda bai aike ta ba. Da aiki ya taru sai ya ture shi ya jawo linzami. Ran nan Malam Ado ya leƙo, ya gani, ya cire linzamin ya jefa a aljihun rigarsa ya wuce gona. Dole ta sa Nura ya riƙa yin komai da alƙalami, har buɗe fayil da rufe shi. Kafin wata ya ƙare hannu ya faɗa, zafin wuyan hannu kuma ya tafi.

Ana cikin haka wata Hajiya, tsohuwa tukuf, ta zo da jikarta, ta kwance bakin zane ta fito da hoto a cikin leda. Na maigidanta ne marigayi, baƙi da fari, wanda ya ɗauka shekarar da zai tafi aikin hajji. Ɗigar damina ta taɓa shi a cikin adaka, gara ta ci gefe guda, ga karaya ta ratsa daga hula har kumatu.

"Ɗan nan, an ce kana tayar da hoto. Shi ke nan mini, babu wani."

"In sha Allahu, Inna. Ki dawo jibi."

Ya sa shi a sikana, ya ɗauka da ɗigo 600 a kowane inci don komai ya fito. Ya buɗe sabuwar shimfiɗa a saman asalin hoton, dabarar da Photoshop ke da ita tun 1994, wadda ke bari ka yi gyara ba ka taɓa na ƙasa ba. Daga nan alƙalami ya shiga aiki. Ya ɗebo lafiyayyar fata daga kusa ya rufe karaya, ya cike inda gara ta ci, ya mayar da zanen hula zare-zare. Daɗin aikin ya ɗebe shi. Duk layin da ya gani a fuskar sai ya bi shi ya shafe, har dattijon ya koma sumul.

Hajiya ta dawo, ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta fita rumfa inda haske ya fi. Ta daɗe.

"Ɗan nan, wannan wane ne?"

"Inna, Malam ne mana."

"A'a. Hular dai tasa ce. Ina billensa? Ina tabon sujada? Shekara nawa ina kallon fuskar nan, wannan ban san shi ba."

Malam Ado na kan benci yana ɓare gyaɗa. Ya tashi, ya gaishe ta, ya ce ta yi haƙuri ta ɗan zauna. Ya sa Nura ya buɗe asalin hoton, ya ce a kumbura kumatun hagu har ya cika fuskar kwamfuta, shi kuma ya matso da idonsa har hancinsa na neman taɓa gilashi.

"Duba nan. Wannan layin fari ne, ya taso daga hula, ya ratsa kumatu, ya fita ta bango. Bai san fuska ba, bai san labule ba. Wannan karayar takarda ce. Wannan kuma mai duhu ne, ya taso daga gefen hanci, ya bi lanƙwasar kumatu, ya tsaya inda kumatu ya tsaya. Aikin wanzami ne. Abin da Allah ya sa, da abin da wanzami ya sa, ba ka taɓawa sai mai fuska ya ce ka taɓa. Abin da ruwa da gara suka sa, shi ne naka."

Da yake gyaran a shimfiɗar sama yake, ba a yi asara ba. Nura ya ɗauki magogi ya riƙa shafa a hankali, bille ya dawo, tabon goshi ya dawo, tamojin gefen ido suka dawo. Wuri ɗaya ne ya ba shi wuya, inda farar karaya ta gitta billen. Nan sai da ya rage bakin magogin ya koma ɗan mitsitsi, ya riƙa taɓa allon da ƙyar, yana fito da duhu yana barin fari a rufe, Kawu na tsaye a kansa yana cewa, "Sassauta. Ƙara kaɗan. Tsaya haka." Firinta ta turo takarda, jikar ta miƙa wa kakarta.

"Yawwa," in ji Hajiya. "Ga Malam."

Ta ce a wanke mata huɗu: ɗaya na babban ɗansa a Gwaram, ɗaya na wadda ke aure a Birnin Kudu, ɗaya na autan da ke Kano, ɗaya nata. Ta ce kuma akwai na mahaifin kishiyarta da ya fi wannan lalacewa, za ta turo da shi ranar kasuwa. Nura ya faɗi kuɗi. Ta kwance bakin zane, ta ƙirgo na uku ta ajiye a kan tebur, ta ce na huɗun gyara ne. Nura ya dubi Kawu. Kawu ya koma kan bencinsa ya ci gaba da ɓare gyaɗa. Nura ya sa takarda huɗu a firinta.