Tayi a Cinikin Gida: Ka Dubi Ginin, Kada Ka Dubi Wuyan Mai Shi

Idan mai gida ya sa wa gidansa kuɗi, kai kuma ka taya ƙasa da haka, shin ka cuce shi? Wasu na ganin tayi ƙasƙanci ne, wasu kuwa na ganin duk abin da ka iya karya farashi da shi wayo ne. Duka biyun akwai gyara. Bari mu auna maganar da birnin Doha na ƙasar Katar, inda 'yan zango da yawa ke neman abinci.

A shekarar 2018 Katar ta yi doka mai lamba 16 game da mallakar gida ga baƙi. A 2020 aka ware yankuna 9 inda baƙo zai mallaki gida ɗungurungum, kamar tsibirin Pearl da Lusail, da wasu 16 inda zai ci moriyarsa har shekara 99. Wanda ya sayi gidan da darajarsa ta kai riyal 730,000, wato dala 200,000, yana iya samun izinin zama saboda gidan. Yawancin abin da ake sayarwa a can fulat ne, wato sashe guda a cikin dogon bene. Kafin gasar kofin duniya ta 2022 haya ta yi tashin gwauron zabo, bayan gasar kuwa gidaje suka yi yawa, haya ta sauka a wurare da dama. A irin wannan kasuwa, kuɗin da mai gida ya ambata fatansa ne, kuma fata tana iya wuce abin da gidan ya kai.

Saboda haka asalin tayi halal ne, babu kunya a cikinsa. Mu da muka tashi a kasuwa mun san tsarin: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya ce ya sallama. Sharaɗin da Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta gindaya shi ne ciniki ya kasance da yardar juna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi cinikin raƙumi da Jabir ɗan Abdullahi a kan hanyar tafiya, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wanda ya tara gumin shekara goma kuma bai kamata ya zubar da shi don jin nauyi ba. Ma'aikatar Shari'a ta Katar tana fitar da bayanin gidajen da aka sayar kowane mako. Idan mai saye ya duba, ya ga fulat irin wannan a unguwar nan an sayar da shi ƙasa da abin da ake nema, ya taya a kan haka, ya faɗi dalilinsa, to ya yi gaskiya, ya kuma kare dukiyarsa.

To ina matsalar take? Tana cikin abin da ka jingina tayinka a kai. Akwai mai duban gida: shekarunsa, hawa na nawa yake, kuɗin kula da bene da ake biya duk shekara, gyaran da yake bukata. Akwai kuma mai duban wuyan mai gida, ya ga inda igiya ta shaƙe shi. A Katar yawancin mazauna baƙi ne, kuma wanda bashi ya kai shi kotu ana iya hana shi fita ƙasar. Ka ƙaddara wani ya rasa aiki, banki na binsa, yana son ya sayar ya biya ya koma gida. Dillali ya raɗa maka halin da yake ciki. Gidan da ka san ya kai riyal 900,000, sai ka taya 600,000 don ka tabbata ba shi da zaɓi. Zai sa hannu, za a yi rajista, takarda ta yi kyau. Amma yardar da aka matse daga bakin wanda ruwa ya ci, wace irin yarda ce? Suratul A'araf, aya ta 85, ta ba da labarin yadda Annabi Shu'aibu ya hana mutanen Madyana tauye wa mutane kayansu. Tauyewa ba a mudu kaɗai take ba, har a farashi ana yin ta.

Wani zai ce, ai shi ma yana son sauri, in ban saya ba wa zai cece shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Mai biya nan take ya cancanci ragi, domin sauri ma yana da daraja, kuma tausayin da zai sa ka ƙi saye bai biya wa kowa bashi ba. Amma ragin sauri daban, cin naman wanda ya faɗi daban. Ga ma'auni mai sauƙi: za ka iya duban idonsa ka faɗa masa yadda ka lissafa tayinka? Idan lissafin ba ya faɗuwa a fili, zuciyarka ta riga ta yanke hukunci. Ka tuna ƙarshen cinikin Jabir. Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, ya bar masa bashi da 'yan'uwa mata. Da suka isa Madina, Annabi ya biya shi har da ƙari, sannan ya mayar masa da raƙumin.

Akwai dabaru kuma da ba su da mafaka. Kushe gida da aibin da ka san babu shi ƙarya ce. Cewa ka sami wani mai araha alhali ba ka samu ba ƙarya ce. Turo abokai su yi ta tayi maras kyau don mai gida ya karaya, kai ka zo a matsayin mai ceto, yaudara ce. Haɗa baki da dillalin mai gida, ka ƙara masa la'ada don ya karya ubangidansa, cin amana ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zango, ta hana shiga cinikin ɗan'uwa idan sun riga sun kusa daidaitawa, ko da yake a farkon tayi ƙofa a buɗe take ga kowa.

Ya ku matasa, da yawanmu ba za mu sayi fulat a Lusail ba. Amma za mu taya fili a Kasoa, ko babur a Kumasi, ko wayar ɗan'uwan da mahaifiyarsa ke kwance a asibiti. Hukuncin ɗaya ne. Mutane na cewa faɗuwar wani tashin wani, sai dai mai tayi yau shi ne mai sayarwa gobe, kuma in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ka taya gwargwadon darajar kaya, ka faɗi gaskiya, in aka ce albarka ka ƙara ko ka tafi lafiya.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Wassalamu alaikum.