SABON RUWAN INABI DA TSOHO: KO SHEKARU KAƊAI SUN ISA SU KYAUTATA MUTUM?

'Yan'uwa, kafin mu shiga wannan darasi ya kamata a karanta Luka 5:33-39 a gaban jama'a, a hankali, kowa yana ji. A ƙarshen wurin nan akwai wata magana ta Ubangijinmu wadda Matta da Markus ba su rubuta ba, Luka kaɗai ya ajiye mana ita. Ma'anarta ita ce, mutumin da bakinsa ya saba da tsohon ruwan inabi ba ya marmarin sabo, gama a ganinsa tsohon ya fi. Daga nan tambayarmu ta fito: ko daɗewa ita ce ta ke sa abu ya yi kyau? Ko duk wanda ya yi furfura ya yi hikima ke nan? Tambayar tana da nauyi, domin a kanta a ke samun tsaguwa cikin gida da cikin ikilisiya. Dattawa su ce yaran zamani ba su jin magana, samari kuma su ce tsofaffi sun tare hanya.

Sai mu faɗi abu ɗaya tun da fari. Darasin nan ba ya kiran kowa zuwa ga sha. Littafin Misalai 20:1 da 23:29-35, da Afisawa 5:18, sun gargaɗe mu ƙwarai a kan maye, ikilisiyoyinmu da yawa kuwa sun hana membobinsu shan abin da ke bugarwa. Amma annabawa da Ubangiji kansa sun yi misali da ruwan inabi sau da yawa, wanda tsofaffin littattafanmu su ke kira ruwan anab. Wanda bai san halin abin da aka yi misali da shi ba, da wuya ya kama zuciyar misalin.

Yadda a ke yinsa, ja da fari

A ƙasar Kan'ana a kan tsinke 'ya'yan inabi wajen watan Agusta da Satumba, a zuba su cikin rami da aka sassaƙa a dutse, a tattake da ƙafa, ruwan ya gangara cikin wani rami na ƙasa. Sa'an nan yisti ya kama cin zaƙin da ke cikin ruwan, yana mai da shi abin maye, yana kuma fid da iska mai ƙarfi. Iskan nan shi ke kumbura salka. Sabuwar salka tana miƙewa, tsohuwa kuwa ta riga ta bushe, sai ta fashe. A Gibeyon, tsakanin 1956 da 1962, masu tonon kufai sun sami ramummuka 63 da aka haƙa cikin dutse domin ajiye tulunan ruwan inabi a wuri mai sanyi. A shekara ta 2013 kuma, a Tel Kabri ta arewacin ƙasar, aka tono ɗakin ajiya na wata fada ta Kan'aniyawa da manyan tuluna 40, na wajen shekara 1,700 kafin haihuwar Kristi. Ashe mutanen da suka ji misalin Yesu sun gaji sanin wannan sana'a tun kaka da kakanni.

Bambancin ja da fari yana cikin ɓawo. Ruwan yawancin inabi, ko da baƙi ne, ba shi da launi. Idan ana son ja, sai a bar ruwan ya tashi tare da ɓawo da ƙwayoyin ciki, su ba shi launi da bauri. Idan ana son fari, sai a matse tun da wuri a ware ɓawon. Baurin nan mun san shi. Shi ne mu ke ji a goro, da shayin da ya daɗe a wuta, shi ne kuma ya ke cikin bagaruwa wadda majema su ke jima da ita domin fata kada ta ruɓe. Sabon ja ya kan yi ƙanshin 'ya'yan itatuwa masu duhu, yana kama harshe. Sabon fari ya kan yi ƙanshin lemo ko fure, ƙarfinsa kuwa yana cikin tsami mai wartsake baki.

Abin da shekaru su ke yi

Sa'ad da aka ajiye ja mai kyau, launinsa ya kan koɗe daga shunayya zuwa jan bulo. Baurin ya kan haɗu da juna ya kwanta a gindin kwalba, kaifin ya ragu, abin da dā ya ke kama harshe ya yi laushi. Ƙanshin ɗanyun 'ya'yan itatuwa ya kan ja da baya, wani ya fito, mai kama da jemammiyar fata, ko busassun 'ya'yan itace, ko ƙasa bayan ruwan fari. Fari kuwa akasin haka ya ke yi wajen launi, yana ƙara duhu har ya zama kamar zinariya, ƙanshinsa ya koma na zuma. Wani irin fari na ƙasar Jamus, mai suna Riesling, idan ya tsufa har ƙanshin kananzir ya kan yi kaɗan, masana kuwa ba su ɗauke shi aibi ba.

Amma ga abin da ya kamata mu riƙe. Yawancin ruwan inabin da a ke yi a duniya ba ya ƙaruwa da ajiya, an yi shi ne domin a sha cikin 'yan shekaru kaɗan. Wanda ya ke jure wa shekaru shi ne wanda tun ranar da aka yi shi ya ke da isasshen bauri, ko tsami, ko zaƙi. Jan Barolo na ƙasar Italiya yana da bauri ƙwarai, har doka ta hana a sayar da shi sai ya yi wata 38 a ajiye. Na Bojole a Faransa kuwa, akwai irin da a ke fitarwa ran Alhamis ta uku ga watan Nuwamba, 'yan makonni bayan girbi, idan an ajiye shi shekaru sai a yi hasararsa. Wurin ajiya ma yana da nasa aiki: duhu, da sanyi wajen digiri 12 ko 13, da baki a toshe. Louis Pasteur, masanin nan na Faransa wanda ya wallafa bincikensa a kan ruwan inabi a 1866, ya nuna cewa waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke mai da shi ruwan tsami idan iska ta sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Abin da mu ke koya

Na fari, shekaru suna fid da abin da ke ciki ne, ba su zuba sabon abu. Kwalba biyu a ɗaki ɗaya, shekara ashirin, ɗaya ta zama abin daraja, ɗaya ta zama abin zubarwa. Haka ya ke ga 'yan adam. Kalibu yana da shekara 85 sa'ad da ya roƙi Joshuwa ƙasar tuddai, bangaskiyarsa tana nan kamar ranar da aka aike shi leƙen asirin ƙasa (Joshuwa 14). Sulemanu kuwa, wanda ya fi kowa hikima a ƙuruciyarsa, a kwanakin tsufansa ne zuciyarsa ta karkata ga gumaka (1 Sarakuna 11:4). Littafin Misalai 16:31 ya kira furfura rawanin daraja, amma ya ɗaura ta ga hanyar adalci. Mai rowa da ya tsufa bai tuba ba, rowarsa ta tsufa tare da shi, ta kuwa ƙara ƙarfi.

Na biyu, baurin ƙuruciya ba kullum ne aibi ba. Mai gonar inabi da ya ɗanɗana sabon ja ya ji yana kama harshe ba ya zubar da shi, gama ya san baurin nan shi ne zai riƙe shi shekaru. Akwai saurayi a cikinmu mai zafin kishi, mai yawan tambaya, wanda ba ya iya ganin rashin gaskiya ya yi shiru. Yana da wuyar zama, hakika. Amma idan dattawa suka kore shi domin su huta, watakila sun zubar da wanda zai zama ginshiƙin ikilisiya nan gaba. Yaƙub da Yohanna sun so a kira wuta daga sama ta cinye wani ƙauyen Samariya (Luka 9:54). Ubangiji ya tsauta musu, bai sallame su ba. Yohannan nan ne daga baya ya rubuta mana wasiƙun da suka cika da zancen ƙauna. Saurayi kuma ya sani, bauri da kansa ba daɗi ba ne, alkawari ne na abin da zai yiwu idan ya yarda a hore shi.

Na uku, zama wuri ɗaya ba shi ne nuna ba. Masu sana'ar nan su kan juye ruwan inabi daga tulu zuwa tulu, su bar abin da ya kwanta a gindi, domin ya tsarkaka. Annabi Irmiya ya yi misali da wannan a kan Mowab (48:11). Ƙasar ta zauna lafiya tun ƙuruciyarta, ba a taɓa juye ta ba, saboda haka ɗanɗanonta da ƙanshinta ba su sāke ba, ƙarshenta kuwa girman kai ne da hukunci. Zafaniya 1:12 ma ya yi irin wannan magana a kan mutanen Urushalima da suka sake jiki. Mutum yana iya yin shekara arba'in a kujera ɗaya cikin majami'a, ba wanda ya isa ya gaya masa laifinsa, yana tsammani ya ƙosa, alhali kuwa ya kwanta ne a kan dauɗarsa. Wahala da gyara da tsautawar ɗan'uwa su ne juyawar da Allah ya ke yi mana. Ba su da daɗi, amma ta wurinsu a ke barin dauɗa a baya.

Na huɗu, kowane iri yana da lokacinsa. Romawa sun yi alfahari da girbin shekara ta 121 kafin Kristi. Filini, marubucinsu wanda ya rasu a shekara ta 79 bayan Kristi, ya ba da labari cewa ragowarsa tana nan har zamaninsa, amma ta kafe ta zama kamar zuma mai ɗaci, ba ta shayuwa ita kaɗai. Sunan yana nan, amfanin ya wuce. Barzillai ya gane wannan. Da Sarki Dawuda ya gayyace shi zama a fada, ya ce shekararsa 80, ya roƙa a ɗauki Kimham a maimakonsa (2 Sama'ila 19). Sanin ranar da za a miƙa aiki ga na baya yana cikin hikimar tsufa. Akwai kuma baiwar da a ke bukata tun tana sabuwa. Elihu ya yi shiru don girmama manya, har ya ji cikinsa kamar sabon ruwan inabi da aka toshe, sa'an nan ya tuna musu cewa fahimi daga Ruhun Allah ya ke zuwa (Ayuba 32). Bulus ma ya umarci Timothawus kada ya bar kowa ya rena ƙuruciyarsa.

To, yaya za mu fahimci Luka 5:39?

Idan mun duba abin da ya kawo maganar, Farisawa ne da marubuta su ke gunaguni domin almajiran Yesu ba su bin al'adar azumi irin tasu. Saboda haka masu fassara da yawa suna ganin Ubangiji yana bayyana halin zuciyar mutum ne, yadda sabo ya ke hana shi ko ɗanɗana abin da bai sani ba. Mai cewa tsohon ya fi, wani lokaci yana da gaskiya. Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta tsaransa, kabila goma suka ɓalle daga hannunsa (1 Sarakuna 12). Kuskuren shi ne a yanke hukunci kafin a ɗanɗana. A bikin Kana, ruwan inabin da uban biki ya yaba bai kwana ko ɗaya a tulu ba (Yohanna 2:1-11). Kyansa daga hannun wanda ya yi shi ya fito.

Wannan bai rage girman da ke kanmu mu ba tsofaffi ba. Littafin Firistoci 19:32 ya umarce mu mu tashi tsaye a gaban mai furfura, bai kuwa ce sai mai hikima kaɗai ba. Girmamawa hakkin shekaru ce. Amma gaskiyar magana a kan auna ta da Maganar Allah, ko daga bakin wa ta fito. Saurayi yana iya ƙin yarda da ra'ayin dattijo yana durƙushe, dattijo kuma yana iya karɓar gyara daga ɗansa girmansa bai zube ba.

A wuri ɗaya misalin ya kāsa, mu kuwa gode wa Allah saboda haka. Ruwan inabin da ya zama ruwan tsami ba ya komawa. Mutum yana komawa. Manassa ya yi sarauta shekara 55, ya cika Urushalima da mugunta, duk da haka sa'ad da ya ƙasƙantar da kansa cikin sarƙa a Babila, Allah ya ji roƙonsa (2 Tarihi 33). Saboda haka kada tsoho a cikinmu ya ce hali zanen dutse ne, lokacinsa ya wuce. Kada yaro kuma ya ce zai gyaru idan ya girma, gama abin da ya zuba cikin tulu yau shi shekaru za su yi aiki a kai.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya bambanta tsufan Kalibu da na Sulemanu?
2. Ta wace hanya ikilisiyarmu za ta hori samari masu zafin kishi ba tare da ta kashe kishinsu ba?
3. Waɗanne abubuwa ne Allah ya kan yi amfani da su ya juye mu daga tulu zuwa tulu? Yaya mu kan karɓe su?
4. Akwai wata al'ada da mu ke riƙe da ita don sabo kawai? Akwai kuma wadda mu ke so mu yar don kawai ta tsufa?
5. Yaya yaro zai gaya wa babba gaskiya, ya kuwa ba shi girmansa?