Kwaɗon Atewa da Kwaɗayin Mutum

Ɗan'uwa mai karatu, halittar da ba ta kawo mana kuɗi tana da hakkin rayuwa kuwa?

Kurmin Atewa, kusa da Kibi a ƙasar Gana, cike yake da kwaɗi iri-iri. A shekarar 2021 masana suka bayyana wani sabon iri a can, suka raɗa masa sunan garin Sagyimase. Amma a ƙarƙashin tuddan kurmin akwai boksait, ƙasar da ake yin alminiyam da ita. Masu son a haƙa suna cewa matasa na bukatar aiki. Gaskiyarsu ne.

Sai dai kwaɗo yana numfashi har ta fatarsa, don haka gurɓataccen ruwa yakan kashe shi da wuri. Daga Atewa kuma kogunan Densu, Birim da Ayensu suke fitowa, mutane wajen miliyan 5 ke shan ruwansu. Abin da ya kashe kwaɗo yau, gobe zai iso randarmu.

Ko ba don wannan ba, ba mu muka halicce shi ba. Amanar duniya aka ba mu, kuma mai riƙon amana zai ba da lissafi. Mu tuna, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.